Fira a Tsakar Gida: Hayar Mai Hoto a Birnin Roma

 Zancenmu na watan nan ya taso ne daga wasiƙar da wata uwa ta aiko mana, ta kuwa roƙa kada mu ambaci sunanta ko garinsu. Ɗansu na biyu yana aikin jinya a ƙasar Italiya. Yanzu da mahaifinsa ya huta da aiki, aurensu kuma ya cika shekara arba'in, ya aiko musu su shirya su zo wurinsa su yi mako biyu, a ciki zai kai su birnin Roma su kwana uku. A cikin shirinsa har da hayar wani mai hoto, wanda zai bi su cikin birni yana ɗaukarsu, su kaɗai, ba a haɗa su da kowa ba. Mama ta ce abin ya tsaya mata a rai. Kowannensu yana da waya mai ɗaukar hoto, kuɗin da za a ba mutumin nan kuwa, in an juya shi zuwa Naira, zai biya wa jika kuɗin makaranta. Baba ya yi shiru, ɗan ya nace. Tana tambaya, ashe wannan ba ɓarna ba ce? In kuwa za a yi, ƙaƙa za a yi kada a cuce su?

Mun yi murna da tambayar nan, gama ba gidansu kaɗai ta shafa ba. 'Ya'yanmu da yawa sun tafi neman ilimi da abinci a ƙasashe masu nisa, kuma iyaye ba kaɗan ba za su sami irin wannan gayyata. Ga amsarmu a taƙaice. Mama, ku yarda masa. Amma a ba hoto sa'a ɗaya tak, da sassafe, bisa yarjejeniya rubutacciya, sauran kwanakin kuma a bar wa ido da zuciya. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Sana'ar ba sabuwa ba ce

Tun kafin a ƙirƙiro kyamara baƙi suke biyan kuɗi a Roma domin su koma gida da kamanninsu. A ƙarni na 18 'ya'yan manyan Ingila sukan yi watanni suna zagaya Turai don buɗe ido, in sun iso Roma sai su je wurin wani gwanin zane mai suna Pompeo Batoni, wanda ya rayu daga 1708 zuwa 1787. Mutum yakan zauna masa kwana da kwanaki, shi kuwa ya zana shi tsaye da tufafinsa na ado, da wani tsohon gini na birnin a bayansa. Ya zana baƙi fiye da ɗari ta haka, zanen nan kuwa har yau suna rataye a manyan gidaje da ɗakunan ajiye kayan tarihi.

Mu ma nan gida mun san abin. Manyanmu suna tune da mai hoto na bakin kasuwa, wanda yakan rataya labule mai zanen jirgin sama ko gidan bene, iyali su yi kwalliya ran Kirsimeti su jeru a gabansa. Bambanci ɗaya ne. A da labule ake zana wa birni, yanzu mutum ne yake tsayawa a gaban birnin kansa.

Abin da ya sauya shi ne hanyar neman mai hoton. A shekarar 2013 wata mace 'yar Kanada mai suna Nicole Smith ta kafa kamfanin Flytographer, wanda yake haɗa matafiyi da mai hoto ɗan gari ta intanet. Akwai waɗansu kamfanoni masu irin wannan aiki, akwai kuma masu hoto da yawa masu zaman kansu waɗanda suke nuna aikinsu a Instagram da Facebook. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai zaɓi birni, da rana, da tsawon lokaci, minti 30 ko sa'a ɗaya ko biyu. Farashi ya bambanta ƙwarai. A Roma akwai mai karɓar ƙasa da Yuro 100, akwai mai karɓar fiye da 300.

Me ya sa waya ba ta isa ba?

Dalili na farko, wanda yake riƙe da waya ba ya fitowa cikin hoto. Ku duba albam na gidajenku, za ku ga akwai mutum ɗaya da kullum ba ya ciki, shi ne mai ɗauka. A tafiyar nan ɗanku ne zai zama wannan mutum. Za ku komo da hoton Mama da Baba ɗari biyu, amma wanda ya yi aikin dare ya tara kuɗin jirgi ba za a gan shi tsakanin iyayensa ba. In an roƙi mai wucewa ya ɗauka, sau da yawa yakan yanke ƙafafu ko kan ginin, yana sauri, ba a kuwa iya ce masa ya sake har sau biyar.

Dalili na biyu, baƙo ko da ido makaho ne. Ɗanku yana zaune a Italiya, amma ba a Roma yake ba. Mai hoto ɗan gari ya san lungun da za a tsaya gini ya fito duka, ya san inda rana take faɗowa da ƙarfe bakwai, ya san hanyar da ba ta da matakala da yawa domin gwiwar Baba.

Dalili na uku ya shafe mu musamman, watau launin fatarmu. Gine-ginen tarihi na Roma da yawa na farin dutse ne. In kyamara ta ga fari ya cika gabanta, takan rage hasken da take ɗauka, sai ginin ya fito sarai, fuskar baƙin mutum kuwa ta zama inuwa, ido da haƙora kaɗai ake gani. Matsalar nan tsohuwa ce. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya domin su daidaita launi da shi, sai a shekarun 1990 ya fito da kati mai mata masu launin fata dabam dabam. Gwanin mai hoto yakan auna haske a kan fuskar mutum, ba a kan bango ba, ya juya mutum inda haske mai laushi zai sauka masa. Wannan shi ne babban abin da kuɗinku zai saya.

Yadda za a zaɓi mutumin

Ba a cinikin biri a sama. Kafin a biya ko kwabo, a nemi mai hoton ya nuna aikin iyali guda daga farko har ƙarshe, ba hotuna biyar masu kyau da ya tsinto daga aikin shekara ba. A roƙe shi a fili ya nuna hotunan baƙaƙen mutane da ya taɓa ɗauka. Babu kunya cikin wannan tambaya. In ba shi da ko ɗaya, a nemi wani. In yana da su, a duba ko fuskokin sun fito da launinsu na gaskiya, ko kuwa an ɗashe su sun yi toka toka. A gaya masa tun da wuri kada ya haskaka fatar kowa sa'ad da yake gyara hotunan a kwamfuta, kada kuma ya goge tamojin fuskar tsofaffi. Jikokinku suna bukatar su ga kakanninsu yadda suke.

A karanta abin da waɗanda suka yi hayarsa a baya suka rubuta a kansa, musamman na watannin kusa. A yi magana da shi ta waya ana ganin juna, ko da na minti biyar ne, domin a tabbata mutum ne mai fuska, kuma yana jin Turanci yadda za a fahimci juna. Mun ji labarin wani iyali da suka ga hotuna masu ƙayatarwa a wani shafi, suka aika da kuɗi duka zuwa asusun mutumin da ba su taɓa jin muryarsa ba. Ran alkawari suka tsaya da kwalliyarsu har rana ta take, ba wanda ya zo, lambar kuma ta daina shiga. Hotunan da suka gani na wani ne aka sato. Araha ce ta ja su, araha kuwa ba ta ado. Biya ta hannun sanannen kamfani da katin banki ya fi tsada kaɗan, amma akwai wurin kai ƙara in abu ya lalace.

Abin da za a rubuta

Maganar baki takan bi iska. A sa waɗannan abubuwa a rubuce, ko cikin wasiƙar intanet ce, kowane gefe ya riƙe nasa.

Na ɗaya, rana da sa'a da ainihin wurin saduwa. Kada a ce "a Kolosiyam" kawai, gama ginin nan kewayensa ya fi rabin kilomita. A faɗi ƙofa ko kusurwa, a karɓi lambar wayarsa.

Na biyu, mutum nawa za a ɗauka. Waɗansu sukan ƙara kuɗi in an wuce adadin da aka ambata.

Na uku, hoto nawa za a ba ku gyararru, da kwana nawa za a jira. Mai hoto zai ɗauki ɗaruruwa, amma abin da ke cikin farashi wataƙila ashirin ne ko talatin, sauran sai an ƙara kuɗi. A san kuɗin ƙarin tun yanzu, kada a ji shi bayan an ga hotunan rai ya biya.

Na huɗu, a ba ku hotunan da cikakken girmansu, irin wanda za a iya wankewa babba a sa a firam, ba tare da tambarin mai hoto a kansu ba, da izinin ku wanke iyakar yadda kuke so.

Na biyar, abin da zai faru in an yi ruwa, ko wani ya kwana da ciwo, ko jirgi ya makara. Za a ɗaga zuwa gobe ne, ko za a mayar da kuɗi? Saboda wannan, a sa hoton a safiya ta biyu ta zamanku a birnin. Ran farko akwai gajiya a fuska, ran ƙarshe kuwa babu gobe da za a ɗaga zuwa gare ta.

Na shida, maganar biza. Kada a ba da kafin alƙalami wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Kuɗin neman bizar shiga ƙasashen Turai na yankin Shengen ya koma Yuro 90 ga babban mutum a watan Yuni 2024, kuma ba a mayar da shi ko an hana. Asara ɗaya ta isa.

Na bakwai, ko mai hoton zai sa hotunanku a shafinsa na talla. Dokar Italiya mai lamba 633 ta shekarar 1941 ta hana a baje hoton mutum ga jama'a ba da yardarsa ba, sai a waɗansu halaye da ta keɓe. Amma takardun yarjejeniya da yawa suna da layin da ke cewa kun yarda. A karanta kafin a sa hannu. In akwai ƙananan yara a cikin hoton, shawararmu a soke layin nan.

Da sanyin safiya akan kama fara

Roma tana karɓar baƙi miliyoyi kowace shekara, kuma dukansu wurare biyar ko shida suke nufa. Da ƙarfe goma na safe ba za a sami inda za a tsaya ba tare da kawunan mutane hamsin a baya ba. Saboda haka masu hoto na ƙwarai sukan ce a sadu da fitowar rana. A watan Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe biyar da rabi, a Disamba wajen bakwai da rabi. Mu da muka saba tashi da asuba wannan ba wahala ba ce. Hasken sa'ar farko mai laushi ne, yana faɗowa daga gefe, yana kuwa yi wa baƙar fata kyau ƙwarai. Hasken tsakar rana yana sa inuwa a ƙarƙashin ido, kowa ya yamutse fuska.

A lura da agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Italiya daidai yake da na Nijeriya da Nijar. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuwa sukan tura agogonsu gaba da sa'a ɗaya. Baba in bai gyara agogon hannunsa ba, zai iso bayan an tashi.

Watannin Yuli da Agusta zafi ne mai tsanani, kada wani ya ce ai mun saba da rana, gama yawo a kan dutse mai zafi dabam ne da zama a gindin bishiya. Afrilu da Mayu da ƙarshen Satumba da Oktoba sun fi daɗi. Nuwamba watan ruwa ne. A tafi da gorar ruwa, akwai famfuna na ƙarfe a tituna ko'ina cikin birnin, ruwansu mai sanyi ne, na sha ne, kyauta ne.

Ina za a tsaya?

Sa'a ɗaya ba ta isa a zaga Roma ba, musamman da dattawa. A zaɓi ɗaya cikin hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta Kolosiyam, babban filin wasan da Sarki Besfasiyan ya fara ginawa wajen shekara ta 72 bayan haihuwar Almasihu, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80. Yakan ɗauki 'yan kallo wajen 50,000. A gefensa akwai ƙofar nasara ta Sarki Kostantin, wadda aka gama a shekara ta 315. Hoton da ya fi kyau daga waje ake ɗaukarsa, ba sai an sayi tikiti ba. Shiga ciki a bar shi sai wani lokaci, a nitse, ba tare da mai hoto yana duban agogo ba.

Hanya ta biyu ta tsakiyar gari ce. A fara daga Matakalan Sifen, matakai 135 da aka gama a 1725. Tafiyar kamar minti goma za ta kai ku maɓuɓɓugar Tirebi, wadda Nicola Salvi ya tsara, aka gama ta a 1762, inda ruwa yake zubowa daga ƙarƙashin manyan siffofin dutse. Baƙi sukan jefa kwabbai cikin ruwan, abin da ake kwashewa ya fi Yuro miliyan ɗaya a shekara, ana ba ƙungiyar agaji ta Caritas domin matalautan birnin. Wata tafiyar minti goma kuma sai Fantiyon, ginin zamanin Sarki Hadiriyan, mai ƙubba da faɗinta ya kai mita 43, da taga buɗaɗɗiya a tsakiyarta inda rana da ruwan sama suke shigowa.

Hanya ta uku ta bakin kogin Tiber ce. Akwai gadar Sant'Angelo da Hadiriyan ya gina a shekara ta 134, mai siffofin mala'iku goma da aka yi bisa tsarin Bernini. Daga wajen nan ƙubbar majami'ar Bitrus ta Batikan takan fito a bayan mutum. Ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa. In ana so a ƙarasa filin majami'ar, mai ginshiƙai 284, a guji safiyar Laraba, gama ita ce ranar da Paparoma ya saba ganawa da jama'a, wurin yakan cika.

Dokokin masu gari

Gari da masu shi. Tun shekarar 2019 an hana zama a kan Matakalan Sifen, tara tana iya kaiwa Yuro 400. A yi hoto a tsaye. Ba a sa ƙafa cikin ruwan Tirebi, ba a hawa siffofin. A watan Fabrairu 2026 aka fara karɓar Yuro 2 daga baƙon da yake so ya sauka bakin ruwan da rana. Fantiyon ma a watan Yuli 2023 aka fara biyan kuɗin shigarsa, Yuro 5 a lokacin. A tambayi mai hoto ko irin waɗannan kuɗaɗe suna cikin farashinsa. Ba a tashin ƙaramin jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi a tsakiyar birnin sai da izinin hukuma. Mai hoton da ya yi muku alkawarin hoto daga sama, a tambaye shi takardarsa.

Fantiyon majami'a ce tun shekara ta 609, har yanzu ana sujada a ciki. Ita da sauran majami'un birnin ba ɗakin ɗaukar hoto ba ne. Ana shiga da kafaɗu da gwiwoyi a rufe, maza su cire hula, a yi ƙasa da murya. A ɗakin sujada na Sistin, inda Michelangelo ya zana rufi, an hana hoto sam. Mu da muke tsawata wa yaranmu in sun yi surutu a gidan sujada, kada mu je na waɗansu mu yi abin da ya fi haka.

A kewayen Kolosiyam wani lokaci akan ga maza sanye da kayan sojan Roma na dā, da kwalkwali da takobin roba, suna murmushi suna kiran baƙo ya zo a yi hoto. Hukumar birnin ta hana sana'ar nan, domin bayan an ɗauka sukan tsare mutum da neman kuɗi mai yawa. A gaishe su a wuce. Haka kuma a kula da masu yankan aljihu cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da cikin bas, musamman mai lamba 64 da ke tashi daga tashar Termini zuwa wajen Batikan. Kada a ajiye jaka a ƙasa a juya mata baya domin hoto. Fasfo ya zauna a jiki, cikin aljihun ciki.

Me za a sa?

Ku sa tufafinku na gida. Mama da atamfarta da ɗankwalinta, Baba da babbar rigarsa ko kaftaninsa, za su fi kyau a gaban tsohon dutse fiye da kwat ɗin aro. Launi mai ƙarfi, kamar shuɗi ko kore ko ruwan goro, ya fi farar shadda, gama fari a kan farin gini yakan wahalar da kyamara, fuska ce kuwa take biyan bashin. Ba lalle a yi anko ba, launuka su dace da juna ya isa. Titunan tsohon gari da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗa su, masu santsi in sun jiƙe. Takalmi mai tsini ba ya tafiya a kansu. A sa mai faɗin ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Ku gaya wa mai hoto irin hoton da kuke so. Ya saba da matasan Turawa masu rungumar juna a titi, in kun yi shiru haka zai ce ku yi. Ba laifi ku ce masa wannan ba al'adarku ba ce. Ku nemi hoto uku da ba za a rasa ba: Mama da Baba su biyu, ɗa a tsakiyar iyayensa, sa'an nan kowane mutum shi kaɗai, fuska kusa. Wannan na ƙarshe shi ne wanda iyali za su fi nema nan gaba.

Bayan sa'ar ta cika

Nan ne ainihin ribar abin take. Mun sha ganin mutane sun je wuri mai tarihi sun komo, in an tambaye su me suka gani, sai su miƙa waya. Ba su ga kome da idonsu ba, ta gilashi suka yi kallo. In mai hoto ya gama aikinsa da ƙarfe takwas na safe, hankali ya kwanta, an san akwai abin kai wa gida. Sai a sa wayoyi cikin jaka. A zauna a inuwa a dubi ginin da ya shekara kusan dubu biyu a tsaye. A tambayi yadda aka ɗaga duwatsun. A bar Baba ya karanta tarihin da ke rubuce a allo a hankali yadda ya saba. Ku yi hira da ɗanku, wanda kuka daɗe ba ku ci abinci akushi ɗaya da shi ba. Gani ya kori ji, in dai an tsaya an gani.

Sa'ad da hotunan suka iso, a sauke su nan da nan, gama shafin da ake aiko su ta cikinsa yakan rufe bayan wani lokaci. A ajiye su wuri biyu, ɗaya wurin ɗa, ɗaya a gida. Sa'an nan a wanke goma ko goma sha biyu a kan takarda mai kyau. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata, akan sace ta, amma hoton bikin iyayenmu na baƙi da fari yana nan a bango har yau. A bayan kowane hoto a rubuta sunayen waɗanda ke ciki, da wurin, da ranar, da shekara. Mu malaman makaranta mun sha ba yara aikin su kawo tsohon hoto daga gida su ba da labarinsa, sau da yawa yaro yakan kawo hoto mai kyau amma babu wanda ya rage a gidan da ya san su wane ne a ciki.

Saura maganar kuɗin makarantar jika. Mama, damuwarku tana kan hanya, ba mu raina ta ba. In sai an ci bashi, ko sai an taɓa kuɗin makaranta ko na magani kafin a biya mai hoto, to, a bar shi, a roƙi wani mai wucewa mai fuskar kirki ya ɗauke ku ku uku, ba abin kunya a ciki. Daidai ruwa daidai tsaki. Amma in ɗanku ya riga ya ware kuɗin daga guminsa, ba wanda zai kwana da yunwa saboda shi, ku bar shi ya yi. Ku tambaye shi farashin, ku roƙe shi ya ɗauki na sa'a ɗaya maimakon biyu, ku nuna masa sharuɗan nan bakwai. Yaron da kuka goya yana so ya tsaya tsakaninku a ɗauke ku tare, ba kuwa kowace shekara irin wannan zarafi yake zuwa ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. In kun dawo, muna jiran wasiƙa ta biyu, da labarin abin da ido ya gani. Sai wata mai zuwa.